Digiri na biyu a jami'a mai zaman kanta: Abin da ɗalibai ke fuskanta a Yola

Ma'aikacin da ke zaune a Karewa cikin Jimeta, wanda ke son yin digiri na biyu ba tare da ya bar gida ba, yana da manyan jami'o'i biyu a kusa: Jami'ar Modibbo Adama ta Gwamnatin Tarayya, da kuma Jami'ar Amurka ta Najeriya, wato AUN, mai zaman kanta, wadda tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa, Atiku Abubakar, ya kafa a Yola, ta kuma fara karatu a 2005.

Babban abin da ɗalibin jami'a mai zaman kanta ke samu shi ne tabbacin lokaci. A 2022, yajin aikin ƙungiyar ASUU ya tsayar da karatu a jami'o'in gwamnati daga watan Fabrairu zuwa Oktoba, amma bai shafi masu zaman kansu ba. Ga mai iyali da ya ɗauki hutun karatu daga wurin aiki, wata takwas ba ƙaramar asara ba ce.

Sai dai kuma nauyin kuɗi kacokan yana wuyan ɗalibi. Asusun TETFund makarantun gwamnati kawai yake tallafa wa, haka ma lamunin karatu na NELFUND da aka ƙaddamar a 2024 ɗaliban makarantun gwamnati yake bai wa.

Saboda haka, kafin biyan kuɗi, ya kamata ɗalibi ya tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da kwas ɗin, sannan ya san malamin da zai duba bincikensa.