Teburan Masu Gyara da Haɗa Rediyo a Narayi

Narayi unguwa ce a kudancin Kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Chikun, tana maƙwabtaka da Barnawa, kuma ko da yake kasuwarta ta fi cika da hatsi da kayan miya da sutura, akwai a gefenta da bakin tituna ƙananan shaguna da teburan masu gyaran rediyo, waɗanda su ne makarantar farko ga duk yaron da ke sha'awar haɗa na'ura da hannunsa. Sana'ar tana da tushe a birnin Kaduna, domin tun daga 1962 da aka kafa gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna, akwatin rediyo ya zama kayan gida, musamman ga masu bibiyar sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, da Muryar Amurka, wadda ta biyo baya a 1979.

Babbar hajar waɗannan teburan ita ce matacciyar rediyo. Mai gyara yakan saye ta da arha daga hannun 'yan jari-bola, ya kwance ta, ya ware abin da ke da sauran amfani cikin gwangwanayen madara: tiransisto, wato ƙaramar ƙwayar da ke ƙara ƙarfin sigina; kafasita, mai tara wuta ta sake ta; rezisto, mai rage gudun wuta, wanda ake gane ƙimarsa ta zoben launukan da ke jikinsa; sai lasifika da eriya da wayar tagulla. Sababbin kaya kuwa yawanci daga Sin suke, suna biyowa ta kasuwar Alaba ta Legas zuwa shagunan tsakiyar gari, yayin da mai neman tsohon taransifoma ko kwano da zai yi wa na'urarsa gida yakan haye gada zuwa Panteka, kasuwar maƙera da tsofaffin ƙarafa da ke kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna.

Kayan aikin ba su da yawa, amma hannu ne ke bambanta gwani da ɗan koyo. Ana riƙe ƙarfen liƙi a kan ƙafar tiransisto na ɗan lokaci kaɗan, a kai bakin dalma har ta narke ta kwanta tana sheƙi, domin idan zafi ya yi yawa ƙwayar ta ƙone, idan kuma ya gaza liƙin ya yi dishi-dishi, rediyon ya riƙa ɗaukewa. Idan aka ɗauke wuta, wanda ba baƙon abu ba ne, sai a ɗora ƙarfen a kan garwashi a ci gaba da aiki. Yaron shago yakan fara da kwance sukurori da gwada batir da mita, kuma oga ba ya barinsa ya taɓa rediyon mai kaya sai ya ga hannunsa ya faɗa.

Daga nan ne masu sha'awa ke tsallakawa daga gyara zuwa ƙira. Mafi sauƙin abin haɗawa shi ne rediyon da ba ya buƙatar batir, wanda ake naɗa wayar tagulla a jikin kwali, a haɗa da diyod, ƙwayar da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, da doguwar eriya, sai ƙarfin tashar matsakaicin zango da kansa ya motsa abin saurare na kunne. Wasu sukan kai ga haɗa ƙaramar na'urar watsa murya a zangon FM, tsakanin megahaz 88 da 108, wadda ke kaiwa 'yan gidaje kaɗan, sai dai doka ta hana watsa shirye-shirye ba tare da lasisin Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa ba, wadda aka kafa a 1992.

Abin damuwa shi ne rediyoyin yanzu, irin su Kchibo, sun yi arha har sayen sabo ya fi gyara sauƙi, ga wayar salula ta ɗauke masu saurare da yawa, don haka masu tebur suka karkata ga fitilun caji, amfilifaya na majami'u da masallatai, inbata da kayan sola, aikin da ke kawo kuɗi amma bai cika nuna wa yaro yadda murya ke tafiya cikin iska ba.