Kana son koyon gina shafin intanet da wuri? Fara da shagon gidanku

Idan kana leƙa Facebook ko TikTok, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da masu tallar kwas ba, waɗanda ke alkawarin koya maka gina shafin intanet cikin mako guda, daga nan sai ka fara kwasar daloli. Wataƙila har ka fara tara kuɗin rajista, ko kuma ke ce uwar da ɗanki ya tasa a gaba da roƙon a biya masa. A maganar tasu akwai gaskiya, amma rabi ce. Cikin mako guda za ka iya haɗa shafi ka ɗora shi a intanet duniya ta gani. Zama gwanin da za a damƙa wa aiki a biya shi kuwa, wannan sai an yi watanni.

Kowane shafi da kake buɗewa a wayarka abu uku ne suka haɗu suka yi shi, kuma tela zai fi kowa saurin gane su. HTML shi ne yankan yadi da haɗa riga: nan wuya, nan hannu, nan aljihu. Da shi ake cewa wannan kanun labari ne, wannan sakin layi, wannan hoto. CSS shi ne aikin ado, wato launi da girman rubutu da tazarar da ke tsakanin abubuwa. JavaScript kuma shi ne zif da maɓalli, duk abin da ke motsi idan an taɓa shi. Shafin farko a duniya, wanda Tim Berners-Lee ya buɗe wa jama'a daga cibiyar bincike ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa a 1991, ba shi da ado ko kaɗan, rubutu ne zalla da mahaɗai. Amma ya yi aikinsa. Shafinka na farko ma ba sai ya fi haka ba.

Saboda haka ka ajiye JavaScript a gefe tukuna. Ka ba HTML makonni biyu. Alamominsa sun haura ɗari, amma waɗanda za ka riƙa amfani da su kullum ba su wuce ashirin ba. Daga nan ka shiga CSS, inda za ka fi daɗewa, musamman a kan Flexbox da Grid, hanyoyi biyu na jera abubuwa a kan allo. Darussan kyauta suna nan jibge a freeCodeCamp, da MDN na kamfanin Mozilla, da W3Schools. Da Turanci suke, amma ba Turanci mai nauyi ba ne, kuma burauzarka na iya fassara maka inda ka maƙale. Masu freeCodeCamp sun daɗe suna ƙiyasta kwas ɗinsu na tsara shafi a kan awa 300. Yi lissafi da kanka: awa biyu kullum, kwana 150 ke nan, wata biyar. Wannan shi ne ainihin ma'anar “da wuri” a wannan sana'a.

Abin da ya fi cinye wa masu koyo lokaci shi ne kallon bidiyo. Mutum ya gama wannan darasi ya buɗe wancan, yana gyaɗa kai yana jin ya gane, amma da an ce ga fankon allo nan rubuta, sai hannu ya tsaya cak. Maganin wannan shi ne tun a mako na biyu ka nemo wa kanka aiki na gaske. Ba sai ka je nesa ba. Mamarka da ke yin cincin da dubulan na biki, yayanka mai shagon ɗinki, Islamiyyar unguwarku da ke son iyaye su san ranar komawa hutu, kowannensu ya isa. Ka zauna da mai sana'ar da biro da takarda ka tambaya: me ake sayarwa, nawa ne, a ina shagon yake (da kwatance irin namu, bayan masallacin Juma'a ko daura da gidan mai), ƙarfe nawa ake buɗewa. Sai hoto huɗu ko biyar, da maɓallin da zai kai mai saye kai tsaye zuwa WhatsApp. Wannan maɓalli mahaɗi ne kawai: wa.me, sai ka bi shi da lambar waya haɗe da lambar ƙasa, 234 a Najeriya ko 227 a Nijar, ba tare da sifilin farko ba.

Amfanin yi wa mutum na gaske aiki shi ne zai yi ƙorafi. Mama za ta ce rubutun ya yi mata ƙanana. Yaya zai ce hoton babbar rigar ya miƙe kamar an ja shi. Kowane ƙorafi zai tilasta maka neman amsa, kuma abin da ka nema don buƙata ya fi zama a kai fiye da wanda ka kalla kana kishingiɗe.

Ka tuna kuma da wa zai buɗe shafin. Yawancin mutanenmu da waya suke shiga intanet, da datar da aka saya da guminsu. Hoto ɗaya da ka ɗauka da waya na iya kai megabait uku ko huɗu. Ka jera irinsa goma a shafi, mai saye zai gaji da jira ya rufe. Ka rage nauyin kowanne zuwa kilobait 200 ko ƙasa da haka kafin ka ɗora, sannan ka gwada shafin a ƙaramar wayar da ta fi kowace tsufa a gidan. In ya buɗe lafiya a can, zai buɗe ko'ina.

Akwai wani abu da malaman ƙasashen waje ba za su gaya maka ba, don bai shafe su ba: haruffanmu masu ƙugiya. Idan ba ka sa layin da ke shaida wa burauza cewa rubutun UTF-8 ne a saman shafi ba, ƙ da ɗ da ɓ na iya rikiɗewa su zama wasu baƙaƙen alamomi marasa ma'ana. Ko ka sa layin, in salon rubutun da ka zaɓa ba shi da waɗannan haruffa, za ka ga sun fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma, ko ɗan akwati ya maye gurbinsu. Noto Sans na Google yana da su, haka ma Andika na ƙungiyar SIL. Wasu sukan ga wahalar ta yi yawa su watsar da ƙugiyar gaba ɗaya, sai ka ga makaranta ta rubuta “dakin baki” alhali ɗakin baƙi take nufi. Ka kuma sa alamar harshe ta “ha” a farkon shafin don injinan bincike su san Hausa ce. A ganina wannan ɗan kulawar kaɗai na iya bambanta ka da masu tsara shafi da yawa da suka riga ka farawa.

Rashin kwamfuta ba hujja ba ce ta ƙin farawa. Manhajar Acode na ba ka damar rubuta HTML da CSS a wayar Android. Sai dai in tafiya ta yi nisa za ka buƙaci kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da ta hannu ce, ka sa mata VS Code, wanda kyauta ne.

Ɗora shafin ma ba ya cin ko kwabo a GitHub Pages ko Netlify. Inda kuɗi ke shigowa shi ne sayen suna na kanka, irin mai ƙarewa da .com.ng ko .ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su a Najeriya, ko .ne na Nijar. Haya ce, duk shekara ake sabuntawa, in aka manta shafin ya ɓace, wani ma na iya saye sunan. Idan wani kake yi wa aiki, ka yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa, ka miƙa masa kalmar sirri. Amana ce, kuma ita ce ke hana rigima ranar da kuka rabu.

Za a ce maka me ya kai ka wannan wahala ga WordPress. Gaskiya ne, tun fitowarsa a 2003 ya bunƙasa har sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke, kuma mai neman kuɗi da wannan sana'a sai ya koye shi. Haka ma ChatGPT da ire-irensa, cikin daƙiƙoƙi za su rubuto maka shafi sukutum. Amma ranar da maɓalli ya karkace ko hoto ya ƙi fitowa, wanda ya san HTML da CSS zai gyara cikin minti biyar, wanda bai sani ba ya kwana yana lalube. Ka yi wata ɗaya ko biyu da hannunka, sannan ka hau waɗannan. Kafin nan, ka riƙa tambayarsu ma'anar layin da ba ka gane ba, kamar yadda za ka tambayi malami.

Ku kuma iyaye, kafin ku fitar da kuɗin kwas, ku ce yaron ya fara nuna muku shafi ɗaya da ya haɗa da darussan kyauta. In ya yi mako uku yana fama bai gaji ba, kuɗinku ba za su tafi a banza ba. Shi ma malamin ku nemi adireshin shafuka uku da ya gina da ke aiki yanzu, ku buɗe su a wayarku a gabansa, ku kuma tambayi ko akwai tsohon ɗalibinsa da za ku iya magana da shi. Wanda ya fi ba ku labarin dalolin da za a samu fiye da aikin da za a yi, ku riƙe kuɗinku ku ce masa za ku yi shawara.