Ƙwaƙwalwa ce ta yanke hukunci, ko mai ita?

A shekarar 1983, wani masanin aikin jijiyoyi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, Benjamin Libet, ya wallafa sakamakon wani gwaji da har gobe ake ja-in-ja a kansa. Ya zaunar da mutane a gaban wani agogo da ɗigon haske ke zagaye fuskarsa cikin sakan biyu da rabi, ya manna musu wayoyi a fatar kai don ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, ya ce kowa ya lanƙwasa yatsa ko wuyan hannu duk sa'ad da ya ga dama. Sharaɗi ɗaya ne: mutum ya lura da inda ɗigon yake a daidai lokacin da ya ji niyyar motsin ta zo masa. Sai aka ga mutum yana jin niyyar kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan kafin hannu ya motsa, alhali lantarkin ƙwaƙwalwa ya fara hauhawa fiye da rabin sakan kafin motsin. Ke nan akwai kusan sulusin sakan da ƙwaƙwalwa take shiri, mai ita bai san hawa ba bai san sauka ba. A 2008 kuma ayarin John-Dylan Haynes a Jamus ya yi amfani da na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, ya ce ana iya hasashen maɓallin da mutum zai danna, na dama ko na hagu, sakan bakwai zuwa goma kafin shi kansa ya sani.

Da irin waɗannan hujjoji marubuta kamar Sam Harris a 2012 suka yi shelar cewa zaɓi ruɗin kai ne. Robert Sapolsky na Jami'ar Stanford ya kai ga matsaya irin wannan a 2023, sai dai shi ya fi dogara da tasirin gado da tarbiyya da muhalli. A ganina maganar ta fi ƙarfin hujjarta, kuma babban kuskurenta yana cikin yadda aka gina tambayar tun farko.

A fara da hujjar kanta. Hasashen su Haynes yana dacewa ne sau 60 cikin 100, alhali mai canki-canka ma yana dacewa sau 50. A 2012 Aaron Schurger da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa hauhawar da Libet ya gani tana iya zama ba shiri ba ce sam. Lantarkin ƙwaƙwalwa ba ya zama wuri ɗaya, kullum cikin hawa da sauka yake, kamar ruwan da ke tangaɗi a bokitin da aka ɗauko a ka. Idan aka ce wa mutum ya motsa ba tare da wani dalili ba, tangaɗin da ya fara ƙetare baki shi ne zai zama motsin. Wanda kuwa ya tsaya yana duba lokutan da ruwan ya zuba kaɗai, yana komawa baya, dole ya ga tashi kafin kowace zuba, sai ya zaci an shirya ta ne. Sannan a 2019 Uri Maoz da ayarinsa suka ba mutane zaɓi mai nauyi, wato wace ƙungiyar agaji cikin biyu za a bai wa dala 1000. A nan alamar nan ta lantarki ta kusa ɓacewa. Lanƙwasa yatsa don cika umarnin mai bincike daban, yanke shawarar aure ko yafe bashi daban.

To amma a ɗauka an ƙera na'urar da ba ta kuskure ko sau ɗaya. Me hakan zai tabbatar? Duk mai cewa ƙwaƙwalwarsa ta yanke hukunci kafin shi, ya riga ya raba kansa gida biyu: ga shi can zaune a wani lungu yana jiran labari, ga kuma ƙwaƙwalwa tana aiki ita kaɗai kamar baƙuwa. Wannan rabon shi ne abin tuhuma. Ƙwaƙwalwar da ta fara shiri ita ce wadda ta haddace karatun mutumin, ta san tsoronsa da burinsa, ta riƙe alkawuran da ya ɗauka. Ko mutum ya yarda cewa ɗan Adam jiki ne kawai, ko ya yi imani cewa jiki ne da ruhi, mai zaɓin dai shi ne mutumin gaba ɗayansa. Haka ma rabon da ake yi tsakanin sababi da zaɓi, kamar dole ɗaya ya kori ɗaya. Aikin da ba shi da sababi ko kaɗan, wanda bai fito daga hali ko sani ko buƙatar mai shi ba, hatsari sunansa, kuma ba wanda zai so a kira shi 'yanci.

Malaman Musulunci sun sha wannan muhawara tun ƙarni na takwas, tsakanin Jabariyya irin su Jahmu ɗan Safwan da ke ganin bawa tilasta shi ake yi, da Mu'utazilawa da ke ganin shi ke samar da ayyukansa. Imam Abul Hasan al-Ash'ari, wanda aka daɗe ana karantar da aƙidarsa a zaurukan ƙasar Hausa, ya kafa hujja da abin da kowa ya sani a jikinsa: hannun da ke karkarwa saboda zazzaɓi da hannun da aka miƙa da niyya duk motsi suke, duk kuma halittar Allah ne, amma ba mai hankalin da zai ce ɗaya suke. Likitancin zamani ya ƙara fito da wannan bambanci fili. Wasu magungunan cutar Parkinson, irin su pramipexole, sukan jefa wasu marasa lafiya cikin caca ba ji ba gani, dattijon da bai taɓa kusantar ta ba sai ga shi yana ƙarar da abin da ya tara. Nasiha ba ta shigarsa, asara ba ta dawo da shi. Da an rage maganin ko an sauya shi, sai jarabar ta lafa. Wannan dattijon da ɗan cacan da ya daina bayan ya auna halin da iyalinsa za su shiga, kowannensu akwai sababin aikinsa a ƙwaƙwalwa. Bambancin shi ne sababin ɗaya ya bi ta hanyar tunani, na ɗayan ya kewaye ta.

Sukar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ta Sapolsky, kuma bai kamata a raina ta ba. Ai ita ma baiwar auna dalilai ba mutum ne ya zaɓar wa kansa ba. Yaron da ya tashi cikin yunwa da duka da firgici ba zai sami linzamin zuciya irin na wanda ya tashi cikin kulawa ba. Wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya sa mu rage saurin tsine wa mai laifi. Sai dai abin da ya tabbatar shi ne zaɓi yana da matakai, wani ya fi wani yalwarsa, kuma ana iya faɗaɗa shi ko a ƙuntata shi. Shari'a ma a kan haka ta ginu da ta ɗauke alhaki daga yaro da mai taɓin hankali da mai barci, ta kuma sassauta wa wanda aka tilasta. Akwai masu bin falsafar Advaita ta Indiya, wadda Shankara ya yi fice da ita, da ke zarcewa har su ce babu wani mai aikatawa kwata-kwata. A nan ne na rabu da su, domin alƙalin da ya karɓi wannan magana ba shi da sauran abin da zai bambanta dattijon da magani ya rinjaya da ɗan damfarar da ya kwana uku yana ƙulla yadda zai cuci marayu.