Baƙon Gida A Birnin Alƙahira

Duk lokacin da labari ya iso Madinatul Bu'us, wato masaukin ɗaliban ƙasashen waje na Jami'ar Azhar a birnin Alƙahira, cewa abokin wani yana tafe daga Kano ko Zariya ko Damagaram, murna takan kama ɗalibin, amma nan da nan sai ya shiga lissafi. Dalili kuwa shi ne, baƙon gida ba kilishi da kuka da saƙon 'yan'uwa kaɗai yake kawowa ba. Yakan zo da jerin wuraren da yake son gani, kuma ya riga ya ƙudura a ransa cewa mazaunin ƙasar Larabawa ba ya rasa abin hannu.

Galibi akan fara yawon ne daga Masallacin Azhar, wanda Faɗimiyyawa suka gina tsakanin shekarar 970 da 972. A nan mai masauki yakan ba baƙonsa labarin cewa zuwan mutanen ƙasashen Hausa da Barno wannan gari ba yau aka fara ba, domin a zamanin da har ɓangare na musamman aka keɓe wa ɗaliban Barno a masallacin. Idan baƙon almajiri ne, tilas a kai shi kabarin Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 820, da na Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, malamin nan da ya taɓa aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Waɗannan ziyarce-ziyarce ba sa cin komai in ban da kuɗin mota. Kasuwar Khan Khalili da ke tsallaken titi kuwa sai da hattara, don mai kanti yana ganin baƙuwar fuska zai ɗaga farashi, ko da yake wanda ya saba ciniki a Kasuwar Kurmi ba a cika yi masa wayo ba.

A Giza ne aljihu yake fara jin jiki. Babbar dalar Fir'auna Khufu ta yi shekara wajen 4,500 a tsaye, kuma tsayinta na asali ya kai mita 146. Dattijon da ya taɓa ganin dalar gyaɗa a Kano zai gane siffar, amma girman sai wanda ya tsaya a gindinta. Kuɗin shiga na baƙi ya ninka na 'yan ƙasa sau da yawa. Ɗalibi mai katin makaranta yana samun rangwame, baƙonsa kuwa ba ya samu. Bayan haka ga masu raƙuman haya, waɗanda ba a hawa dabbarsu sai an gama ciniki sarai, har da na saukowa. Abin dariya ne a ga mutumin da ya baro raƙuma birjik a kasuwar Maigatari yana biyan kuɗi don a ɗauke shi hoto a kan raƙumi, amma haka ake yi.

Dangane da abinci, baƙo yakan zo da fargaba, sai kuma ya tarar da abubuwan da ya sani cikin wata kama. Da safe akan kawo masa ful, wato dafaffen wake da mai, tare da gurasa da ɗa'amiyya. Ita ɗa'amiyya ƙosai ce ƙwarai, sai dai an markaɗa wakenta da ganyaye, shi ya sa cikinta kore ne. Mulukiyya da Misirawa suke alfahari da ita ba wata aba ba ce illa miyar lalo da aka cika wa tafarnuwa, ana ci da shinkafa ko gurasa. Bamiya kuɓewa ce, karkade kuwa zoɓo. Wanda yake sabo a gare shi shi ne kushari: shinkafa da taliya da adas a kwano guda, an zuba miyar tumatir da soyayyiyar albasa a kai. Shi ne abincin talaka da ɗalibi, yana da araha, yana kuma riƙe ciki.

Duk da haka ƙorafin baƙo ɗaya ne, wai abincin ba yaji. Ba a kwana uku sai ya fara cigiyar tuwo. Nan ne ɗalibai sukan taru a ɗaki guda a tuƙa tuwon shinkafa, a kaɗa miya da kuka da daddawar da shi kansa ya kawo tsaraba, a cinye a zama ɗaya abin da mai masauki ya so ya yi wata biyu yana lallaɓawa.

Babbar matsala dai ita ce wa zai biya. A al'ada baƙo ba ya sa hannu a aljihu a gaban mai masaukinsa, kunya kuma ba ta barin ɗalibi ya ce ba shi da hali. Ga shi tun da darajar fam ɗin Masar ta faɗi warwas a watan Maris na 2024 kayan masarufi suka yi tsada, musamman nama. Cin gasasshen nama ko tantabara mai cushen shinkafa sau ɗaya a gidan abinci yana iya lashe kuɗin kusharin kwanaki da dama. Sau da yawa ɗalibi yakan ci bashi wurin abokan karatunsa don kada a koma gida a ce ya yi rowa. In zuwan ya faɗo daidai lokacin jarrabawa, hasarar ta zama biyu. Baƙo mai hankali shi ne wanda tun daren farko zai damƙa wa abokinsa kuɗi a asirce ya ce ya riƙe na mota da na abinci, kuma ya tambayi ranakun da yake da darasi kafin a tsara fita.

Ranar ƙarshe ta sayayya ce. Akan koma kantunan littattafai da ke bayan Azhar a sayi tafsirai da littattafan fiƙihun Malikiyya da malaman gida suka yi sautu, a haɗa da jallabiyoyi da turare. Littafi kuwa nauyi gare shi. A filin jirgin sama ne akan gane kaya sun wuce awo, sai a buɗe akwati a rage, ragowar ta koma ɗakin ɗalibi ta jira baƙo na gaba.