Zaɓen Fid Da Gwani A Jihar Kaliforniya

A waɗansu jihohin Amurka ba 'yan majalisa kaɗai ke yin doka ba. Akan rubuta magana a takardar ƙuri'a, talakawa su ce i ko a'a. Haka aka yi a Kaliforniya cikin 2010. Da can kowace jam'iyya ita ke fid da gwaninta. Jama'a suka yarda a haɗa 'yan takara duka a takarda guda, sa'an nan biyun da suka fi ƙuri'a su kara a babban zaɓe.

To, ga inda gizo ke saƙa. Cikin 2016 Kamala Harris da Loretta Sanchez suka rage wajen neman kujerar Majalisar Dattawa, dukansu kuwa 'yan Dimokurat ne. Ɗan Rifablikan ya duba takarda, ba nasa ko ɗaya.