Kafin Ka Sa Tushe, Lissafa Kuɗin Rufi

Duk wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Malumfashi ta Bakori a cikin watan Agusta, idan ya dubi bakin garuruwa dama da hagu, zai ga gine-gine da yawa sun kai linta sun tsaya, babu rufi, ciyawa ta fito a cikin ɗakuna, wani wurin ma mai ginin ya shuka kuɓewa a inda ya yi nufin ya zama falo. Masu waɗannan kangaye kuwa yawancinsu mutane ne masu ƙwazo, manoma da malaman makaranta da ƙananan ma'aikata, waɗanda suka sayar da masara ko auduga ko waken suya da kaka, suka fara gini da murna, sai kuɗi ya ƙare kafin a kai ga kwano. Damina biyu ko uku ta sauka a kan bango, bulo ya sha ruwa ya fara gari, ga shi kuma har yanzu iyali suna gidan haya.

Ubangijinmu kansa ya yi misali da irin wannan a Luka sura 14, inda ya yi zancen mai son gina hasumiya wanda ya kamata ya zauna tukuna ya lissafa abin da zai ci masa. Saboda haka shawarar da muke so mu ba 'yan'uwa a wannan shafi ita ce, kowa ya fara iyakar abin da zai iya rufewa kafin ruwan farko ya sauka. Ɗaki 2 da rufi sun fi ɗaki 6 da babu rufi. Sauran abubuwan da za mu faɗa duka a kan wannan suke tsaye.

Fili da takardunsa

Tun da rashin tsaro ya yi tsanani a ƙasashen Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara, mutane da yawa sun baro ƙauyuka sun komo Funtua da Malumfashi da Bakori, kuɗin haya ya hau, fili kuma ya yi daraja. Inda buƙata ta yi yawa, nan ne ake sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu. To, kafin ka ba da ko sisi, ka bincika wane ne mai filin na ainihi. In gonar gado ce aka yanka, ka tabbata dukan magada sun yarda, har da mata da waɗanda suke zaune a wani gari. A rubuta takardar ciniki da sa hannun mai sayarwa da shaidu da mai unguwa ko dagaci, a rubuta tsawo da faɗi, ko ƙafa 50 da 100 ne, ko ƙafa 100 da 100, a kuma kafa alamar iyaka a gaban maƙwabta a ranar.

Ya kamata kuma mu san abin da doka ta ce. Bisa ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. A cikin birni gwamna ne yake ba da takardar shaidar mallaka, a karkara kuwa ƙaramar hukuma ce take ba da izinin zama irin na gargajiya. Takardar mai unguwa tana da amfani ƙwarai wajen shaida, amma ba ta maye gurbin ta hukuma. Wanda zai yi gini a cikin gari ya je Hukumar Tsara Birane ya tambaya ko filin bai faɗa kan hanya ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba.

Abu na biyu shi ne ruwa. Filin da ka gani da rani yana iya zama hanyar ruwa da damina. Ka je ka duba shi a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama, ko kuwa ka tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa yake bi. Ba mu manta da ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 ba, wadda ta ci rayuka da dama ta kuma rushe gidaje masu yawa. Fili mai araha a bakin kwari yakan cinye rarar kuɗin a cikon ƙasa da tushe.

Ƙasa ko siminti

A yau mutane da yawa suna jin kunyar ginin ƙasa, alhali kuwa kakanninmu sun san aikinsu. Sukan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, su bar ta ta ruɓa, su yi tubali, su yi rufi da azara ta itacen giginya wadda gara ba ta cika ci ba, su shafe bango da makuba daga kwasfar ɗorawa domin ya kori ruwa. Ɗakin ƙasa yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu. Abin da yake kashe shi biyu ne, ruwan da yake cin gindin bango da ruwan da yake shiga ta sama. Ƙasarmu ta kudancin Katsina kuwa ta fi arewacin jihar samun ruwa, saboda haka soron ƙasa a nan yana neman yaɓe kowace shekara.

Akwai hanya ta tsakiya wadda ta dace da mai ƙaramin ƙarfi. A yi tushe da dutse ko bulon siminti har ya taso kamar gwiwa daga ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri a kansa domin damshi kada ya hau, a ɗora bulon ƙasa, sa'an nan a rufe da kwano wanda bakinsa ya zarce bango sosai. Irin wannan gida yana daɗewa, simintin da zai ci kuma kaɗan ne. Sai dai a sani filastar siminti ba ta kama bangon ƙasa da kyau, takan ɓamɓare, in ba an buga ƙusoshi ko an sa ragar waya a jikin bangon ba tukuna.

Wanda ya zaɓi bulon siminti kuwa, ya lura da inda zai saya. Masu buga bulo da yawa sukan miƙa buhu ɗaya ya ba da bulo 50 ko fiye, irin wanda in ka murza da hannu sai yashi ya zubo. Bulo mai kyau na inci 6 bai kamata ya wuce kamar 35 zuwa 40 a buhu ba. Araha ba ta ado. In da hali, ka sayi siminti da yashi mai tsabta, ka kira mai bugawa ya yi a gabanka, ka kuma riƙa ba bulon ruwa safe da yamma har kwana 7 a ƙalla, domin siminti da ruwa yake yin ƙarfi, kuma sai ya yi wajen kwana 28 kafin ƙarfinsa ya cika.

Lissafin ɗaki biyu

Bari mu ɗauki ɗaki 2 manne da juna, kowanne ƙafa 12 da 12, tsayin bango ƙafa 10. Bangon da faɗinsa da tsayinsa mita ɗaya ne yakan ci bulo kamar 10. In an cire ƙofofi da tagogi, aka kuma haɗa da layi 3 na tushe, za a nemi bulo wajen 900. Buga su zai ci siminti buhu 25 ko fiye kaɗan. Ɗora su zai ci wajen 15. Kankaren tushe da linta da daɓe za su ci sama da 20, filasta ciki da waje kuma wajen 15. Wato jimla buhu 70 zuwa 80, ban da yashi da tsakuwa da rodi da ruwa. Rufin kuwa zai ci kwano kamar bandir 2, tun da kowane bandir falle 20 ne, ga katako da ƙusa da kuɗin kafinta, ga kuma ƙofofi da tagogi.

Wannan ƙiyasi ne kawai, birkilanka zai gyara shi bisa ga filinka. Amfaninsa shi ne ka iya ɗaukar takarda ka je kasuwa ka tambayi farashin kowane abu na ranar, ka haɗa, ka ƙara kashi ɗaya cikin goma domin abin da ba a zata ba. In abin da yake hannunka bai kai ba, ka rage ɗaki tun a takarda. Sauran filin ka bar shi, ba inda za shi. Ka dai sa a zana gidan gaba ɗaya tun farko, domin ɗakunan da za a ƙara nan gaba su dace da na yanzu ba sai an fasa bango ba.

Inda kuɗin zai fito

Manomi da buhun hatsi yake lissafi, maginin kuwa da buhun siminti, kuma farashin biyun ba ya tafiya tare. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, siminti ya tashi har ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024. Mu a nan kuma daga nesa yake zuwa mana, daga Kalambaina a Sakkwato, ko Obajana a Kogi, ko Ashaka a Gombe, saboda haka kuɗin mota yana cikin abin da muke biya. A 2025 sai farashin masara ya faɗi warwas, kayan gini kuwa ba su sauko tare da ita ba. Wanda ya fara babban gini yana dogara ga farashin masarar bara, ya sha mamaki.

Darasin a nan shi ne, kada gini ya ci rumbu. Ka fitar da abincin iyali na shekara, da kuɗin taki da iri, da kuɗin makarantar yara, abin da ya saura shi ne na gini. Kada ka sayar da gona ko shanun huɗa domin ka ƙarasa ɗaki, gama su ne za su gina sauran ɗakunan. Kada kuma ka ci bashin da za ka biya da hatsi a kaka bisa farashin da mai kuɗi ya yanka. Adashi ya fi, in da mutane masu amana ne.

In kuɗi ya shigo kaɗan kaɗan, ka mai da shi kayan da ba sa lalacewa. Kwano da rodi da bulon da ya riga ya bushe suna iya jira. Siminti ba ya jira, yakan sha damshi ya daskare, saboda haka kada ya wuce wata 3 a ajiye, kuma a ɗora shi a kan katako nesa da bango. Wasu masu hikima sukan fara sayen kwano su ajiye kafin su haƙa tushe, domin sun san shi ne yakan gagara a ƙarshe. Lokacin aiki kuwa daga Nuwamba zuwa Maris ne, sa'ad da tifa take iya shiga ko'ina, ma'aikata kuma sun dawo daga gona.

Rufi, rijiya da masai

Iskar farkon damina a watan Afrilu da Mayu ita ce take yaye kwano. Maganinta shi ne a ɗaure katakon da yake kan bango da langalanga ko rodi wanda aka binne a cikin ginin tun daga linta. Ɗora duwatsu a kan kwano ba ya hana iska. A shafa wa katako maganin gara ko baƙin mai kafin a hau da shi, a kuma ba rufin gangare isasshe domin ruwa ya sauka da sauri.

Masai kuma kada a bar shi sai ƙarshe. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawara a sa tsakanin ramin masai da rijiya kamar mita 30, masan kuma ya kasance ta gangare. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 tsawonsa duka mita 30 ne, saboda haka dole ne ka zauna da maƙwabcinka ku daidaita, kada masanka ya zauna kusa da rijiyarsa. Amai da gudawa daga nan yake farawa.

Zama da ma'aikata

Kafin a fara, ku yi magana da birkila da kafinta a gaban shaida, a rubuta ko aikin na jinga ne ko na yini. Biya ya bi aiki, wato kashi ɗaya in an gama tushe, kashi ɗaya a linta, sauran bayan rufi. Ka je ka ga gidan da ya gina shekara 5 da suka wuce kafin ka ba shi naka. Kai ma kuma kada ka riƙe hakkin lebura ya kwana, gama da shi zai sayi abincin dare. Aikin da ba ya neman gwaninta, kamar haƙar tushe da cikon ƙasa da ɗebo ruwa da buga bulon ƙasa, ana iya yin gayyarsa da matasan ikilisiya da maƙwabta, a dafa musu abinci, kai ma ka je ran da aka kira tasu.

Sannu ba ta hana zuwa. Iyalin da suka shiga ɗaki 2 nasu na kansu sun huta da kuɗin haya, wannan kuɗin kuma shi ne zai sayi bulon ɗaki na uku baɗi. Allah ya ba kowa ikon rufe abin da ya fara.