Jijjigar masu ciki tana bin jini: ku tambayi tsofaffin gida

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san gado. Saniya azawak mai nono, ɗiyarta ma mai nono ce. Irin hatsin da ka shuka, shi za ka girba. To, akwai wata cuta ta mata masu ciki, ita ma tana bin jini.

Cutar tana farawa da hawan jini, bayan ciki ya wuce sati 20, wato wajen wata 5. In aka yi awo, jini ya kai 140 bisa 90, kuma aka ga alama cikin fitsari, to ta kama. In aka bar ta, sai mace ta faɗi tana jijjiga, tana taune harshe. Wasu su ce iskoki ne, wasu su ce sammun kishiya. Ba haka ba ne. Asalinta daga mabiyiya yake. In mabiyiya ba ta kafu da kyau cikin mahaifa ba, sai ta zuba wani abu cikin jinin uwa, hanyoyin jini su matse. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu ciki 100, mace 2 zuwa 8 ke kamuwa.

Ina gado ya shigo? Macen da uwarta ko ƴar uwarta ta yi wannan cuta, haɗarinta ya ninka sau 2 zuwa 3. Amma kada a ɗora wa dangin mace su kaɗai. Mabiyiya ta jariri ce, rabinta daga uwa, rabinta daga uba. A ƙasar Norwe, a 2005, likitoci sun duba takardun haihuwa na shekaru da yawa. Sun gano namijin da uwarsa ta yi cutar sa'ad da take ɗauke da cikinsa, matarsa ma haɗarinta yana ƙaruwa. Amosanin jini, wanda ake gado daga uwa da uba, shi ma yana ƙara haɗari. Haka cikin fari, da cikin tagwaye, da ciwon suga, da ciwon ƙoda, da wadda ta taɓa yin cutar.

Gado ba hukunci ba ne. Da yawa masu gadon sun haihu lafiya. Amfanin sani shi ne a yi shiri tun da wuri. Ga abin yi.

Uwaye, ku faɗa wa ɗiyanku gaskiya. Mun san mai cikin fari kunya gare ta, ba ta faɗin ciwo. In ta zo goyon ciki gida, ku sa mata ido. Maigida, kai ma tambayi tsohuwarka. Abin da aka ji, a faɗa wa ungozomar likita ranar awon farko. Ita ce za ta ce ko a ba mace ƙaramar ƙwayar asfirin da kalsiyom. Kada a saya a kasuwa a sha da ka. Tun 2016, Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau 8, don hawan jini sau da yawa ba ya nuna kansa.

Ga alamun da ba a kwana da su: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari wajen dama. Ko dare ne, ko ana tsakiyar noma, a ɗaura amalanke a tafi likita. Akwai allurar da ke tsai da jijjiga. In mace ta faɗi, a kwantar da ita a gefenta, kada a ɗura mata ruwa ko jiƙo, kada a tsaya turare.

Bayan haihuwa ma cutar tana iya tashi. A ci gaba da lura har arba'in.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa matan gidansu wannan labari yau da dare.